Kififiyar Kwatano a Tafkin Kawu

Ni mace ce mai son a yi faɗa a gama. Idan na ɓata wa mutum, na fi son ya tsaya a gabana ya zazzage abin da ke cikinsa, ni ma in mayar masa da rabi, gobe mu gaisa. Duk ƙauyenmu an san ni da wannan hali, har maigidana yakan ce da ana sayar da baki a kasuwar Bagudo da tuni mun gina bene. Shi ya sa abin da ya shiga tsakanina da Kawu ya fi ƙarfina, don har ya koma ga Allah bai taɓa ɗaga mini murya a kansa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne mai tafki a ƙauyenmu, nan ƙasar Bagudo, ba nisa da Zagga. Tafkin yana bayan gari, cikin fadama. Gulbi ba ya isowa gare shi sai shekarar da ruwa ya yi yawa sosai, saboda haka kifinsa a cikinsa yake haihuwa, a cikinsa yake girma. Aikin mai tafki gado ne, ba albashi, ba rawani. Da ruwan farko ya sauka sai ya kafa sanda a bakin ruwa ya ɗaura mata tsumma, shi ke nan an rufe tafki, ba ƙugiya ba raga har bazara. Ran da ya cire sandar kuwa ranar su ce, wato kamun kifi na gayya. Gari duka yakan faɗa ruwa da homa, ragar kamun nan ta hannu, da gora, har mutanen Sharabi da Dandawan tsallaken iyaka sukan zo. Matan da mazansu suka rasu suna da kasonsu, kuma bandar kifin wannan rana ita ke riƙe miyar gidaje da yawa har damina ta yi nisa.

Tun da injin ban ruwa ya shigo ƙasarmu masu noman shinkafar rani suke haɗiyar miyau a kan wannan tafki. Abin da ya hana mai gari ba su shi, kamun kifin nan ne. Muddin tafki yana ba da kifi, sandar Kawu tana nan a tsaye. Ran da ya daina kuwa, kowa ya san abin da zai biyo baya, Kawu ya fi kowa sani.

Akwai kuma wata doka da ya gada daga mahaifinsa. Kififiyar tafkin nan ba a kashe ta, ba a cin ta. Ko ranar su ta shiga homarka, sai ka ciro ta ka mayar da ita ruwa. Tsofaffi sun ce ita ke riƙe ruwan, tafkin da babu kififiya ƙafewa yake yi. Namu kififiyoyin baƙaƙe ne, masu kunya, ba su da yawa. In ka ga ɗaya tana shan hantsi a kan kututturen gawon da ya faɗa ruwa, kafin ka nuna wa na kusa da kai ta nutse.

Ina ƙarama Kawu yakan ɗauke ni cikin kwalekwalensa da damina, ba don kamu ba, don dubawa. A nan na fara ganin sheƙar balli. Balli babban kifi ne, kuma shi ne alfaharin tafkinmu. Yakan share wuri a cikin ciyawa, zagayayye kamar babban faifai, ya zuba ƙwansa a tsakiya ya tsaya gadi. Idan 'ya'yan suka fito sai ka ga sun taso saman ruwa a dunƙule, baƙi ƙirin, sun koma ƙasa, sun sake tasowa. Kawu yakan rage murya ya ce mini, "Ga miyar baɗi can, kada ki yi motsi." Ni da ba a taɓa iya rufe mini baki ba, a wurin nan nakan yi shiru.

Shekarar da aka yi mini aure, maigidana yana bin motocin kaya ta Dole Kaina har Kwatano. Wata dawowa da ya yi sai ya miƙo mini wata 'yar roba mai murfi yana ta murmushi. Na buɗe na ga ruwa da wasu 'yan halittu huɗu suna iyo, kowace ba ta fi murfin kwalbar man shafawa ba. Kififiyoyi ne, amma kore shar, kuma kowace tana da jan zane a gefen kai hagu da dama, kamar an shafa mata jan-baki an kuskure wuri. Ya ce a wurin wani mai sayar da tsuntsaye da kifin ado ya saye su, mutumin ya ce daga ƙetaren teku ake kawo su.

Na ce masa, "Amaren duniya ana kawo musu atamfa, ni an kawo mani abin da za ni yi ma wanka."

Na faɗa ne kawai don kada ya ji daɗi da yawa. Gaskiya na so su. Na sa su a tsohuwar dasa, irin kwanon nan mai faɗi, a gindin randa, mata suka riƙa shigowa kallo, ni kuma ina ta hura hanci kamar ni na halicce su. Ba abin da ba sa ci. Tsakin tuwo, fara, ganyen yakuwa, kan kifi, duk abin da ka jefa kafin ya nutse sun wawushe. A lokacin abin dariya yake ba ni, har nakan kira mutane su zo su ga cin.

Kafin shekara biyu kowace ta kai tafin hannun babban mutum. Dasa ta yi musu kaɗan, na koma babbar roba. Ruwansu ya riƙa wari tun kafin azahar, ɗaya kuma ta kama mini yatsa sai da jini ya fito. Ga shi ina da cikin fari, ko iskar wajen ta buso sai amai. Wata safiya na fito na ce yau ko a yanka su ko in juye su bayan gida, duk wanda ya kawo su ya zo ya ji da su.

Inna, mahaifiyar maigidana, tana zaune tana tsince wake. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Abin da yac ci a hannunki ba a kashe shi, balle kina ɗauke da rai a cikinki. Abin ruwa na, a mai da shi ruwa. Amma ba da sata ba. Tabki yana da mai shi, kuma kawunki na. Ki ɗauki goro ki tahi ki roƙa."

Haka aka yi. Muka tafi ni da maigidana, shi da roba a ka, ni da goro a ƙulle cikin gyale. Muka tarar da Kawu a bakin tafki yana gyaran homa, da mutane biyu uku suna taya shi hira. Bayan gaisuwa maigidana ya sauke robar ya faɗi abin da ya kawo mu. Kawu ya ajiye homar, ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya duba cikinta, ya duba jan zanen. Ta miƙo wuya za ta cije shi. Ya daɗe yana kallonta, ya fi yadda ake kallon abin da aka sani.

Ya ce, "Waɗanga ba na gulbinmu ba na. Ban san halinsu ba, ɗiyata. Tamu ba ta neman cizo."

Da na yi shiru a nan, da ya ce a dakata, na san shi. Amma rana tana dukana, zuciyata tana tashi, kuma na gaji da ɗawainiyarsu. Sai na yi abin da na saba. Na yi dariya na ce, "To Kawu, yau kuma tabkinka baƙi yaka kora? Ko dai tsoron 'yan Kwatano kake ji, don sun hi naka kwalliya?"

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, irin dariyar da babba ke yi idan 'yar ƙanwarsa ta ƙure shi a gaban jama'a. Ya ce, "Bakin ga naki. To, kihihiya dai kihihiya ta. Tabki ba ya korar baƙo." Ya karɓi goro, ya yi bisimilla, ya sa su a ruwa ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Ba su ko waiwayo ba. Na koma gida ina jin sakayau, na wanke robar na zuba gero a ciki.

Shekaru suka shuɗe, na haihu, na sake haihuwa, na manta da su. In na je wanki nakan hango jan zane a kan kututturen gawo in ce a raina, ga 'yan gidana can. Daga baya sai na lura kututturen ya cika da su, manya da ƙanana, wata kan wata, kuma ba sa gudun mutum. Baƙaƙen namu kuwa na daina ganinsu, ban ma san lokacin da na daina ba. Ranar su idan suka shiga homa ana mayar da su ruwa yadda doka ta ce, da farko ana raha, ana cewa ga baƙin 'yar gidan mai tafki. Bado ya fara raguwa, ciyawar gefen ruwa ta yi tsilli-tsilli kamar kan da aka yi wa mugun aski. Kifi ma ya ragu, amma kowace shekara akwai abin da za a ɗora wa, ko ƙarancin ruwan sama, ko zafi.

Wata damina da hantsi Kawu ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a cikin kwalekwale. Ya ce in shigo, kamar da. Na shiga ina mita, ina cewa ni yanzu uwar 'ya'ya ce, nauyina zai kifar da mu. Ya tura mu a hankali har gabashin tafki, gindin wata giginya, inda ciyawa ta ɗan rage. Sheƙar balli ɗaya ce a wurin, inda a da ba ka iya ƙirga su. Uban yana kewaya ta.

Muna nan sai ga kai ya ɓullo daga ruwa, da jan zanensa. Balli ya yi kanta da gudu, ya kore ta can nesa. Kafin ya juyo wasu sun shigo ta baya, sun sa baki cikin ƙwan. Ya dawo ya tarwatsa su, wasu suka shigo ta ɗaya gefen. Haka ya yi ta yi, gaba da baya, ruwa yana ta gurɓacewa. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai san a ƙarshe yana kewaya wurin da ba komai a ciki, kuma bai daina kewayawa ba har muka bar wurin.

Kawu ya ce, "Kin gani?"

Na ce na gani. Na ce masa ya ba samari izini su shiga da taru su kwashe su duka, a kashe, a binne, ni zan dafa wa masu aikin abinci. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Doka ba ta ce baƙa ko kore ba. Kihihiyar tabki ta ce. Ni na karɓe su gaban mutane, da bisimilla. In ni mai tabki na karya wagga yau, gobe mi za ni ce ma yaron da na kama da ƙugiya cikin damana?"

Na yi masa faɗa a cikin kwalekwalen nan, Allah ya yafe mini. Na ce dokar da za ta cinye tafki wace irin doka ce, na ce kakanninmu da suka kafa ta ba su taɓa ganin Kwatano ba. Ya bar ni na gama, sannan ya tura mu bakin ruwa ya riƙe mini kwalekwale na sauka. Abin da ya fi ƙona mini rai, ina zaginsa ne a kan abin da ni na kawo masa a ka.

Ba zama ya yi ba. Ya gano cewa a tudun yashin arewacin tafki suke binne ƙwansu, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙwai bai zama kififiya ba tukuna. Kullum da safe ana ganinsa a duƙe da ɗan tsinken ƙarfe da ƙwarya, yana tono. Dattijo mai ciwon baya. Na taya shi wasu ranaku, yaranmu ma sun taya. Amma ramin da muka gano ɗaya ne cikin da yawa, kuma manyan da ke cikin ruwa ba mutuwa suke yi ba.

Su na shekarar da ta biyo baya ba zan manta da shi ba. An taru kamar kullum, makaɗa sun zo, baƙi sun zo da buhunan da za su koma da kifi. Kawu ya shiga ruwa shi kaɗai har gwiwa, ya yi addu'a, ya cire sanda, jama'a suka afka. Homa ta riƙa fitowa da nauyi, mutum ya ɗaga da murna, sai ya ga ƙafafu suna motsi a ciki. Samari suka tsaya cikin ruwa riƙe da su, suna kallon Kawu. Ya ce, "A mai da su." Wani baƙo daga tsallake ya yi dariya, dariyar ta bi bakin tafki. Kifin farko na mai gari ne bisa al'ada, kuma a da balli ake kai masa wanda sai mutum biyu sun kama. Ran nan Kawu ya ɗauki wata ramammiyar tarwaɗa a hannu biyu ya kai masa. Ina tsaye cikin mata, na ja gyale na rufe fuskata.

Bayan wannan na yi ta yawo ina neman wanda zai zage ni, ban samu ba. Wannan ya ce mini ai maganin feshin gonaki ne ke gangarowa ruwa. Wancan ya ce gulbi ne ya daɗe bai kawo sabon iri ba. Mai yiwuwa duk akwai gaskiya a ciki, amma su ba su zauna a kwalekwale sun ga abin da na gani ba. Maigidana ya ce laifinsa ne, shi ya saya. Inna ta ce nata ne, ita ta ba da shawara. Kowa ya yagi rabonsa har aka so a bar ni hannu wofi. Wata rana a bakin rijiya wata gwauruwa da ta saba samun kaso ta dube ni ta ce, "Baƙinki sun cinye muna miya." Wallahi daɗi na ji, na gyara tsayuwa na ce yau za a yi ta. Sai ta sauke murya ta ce, "Ƙaddara ta, ɗiyata, kada ki sa ma ranki." Na koma gida da tuluna ina kuka, ita kuma tana zaton ta rarrashe ni.

Mai gari mutumin kirki ne, ya ba Kawu shekara ɗaya, ya ƙara masa wata. Baƙi suka daina zuwa. A su na ƙarshe makaɗa ma ba a kira ba. Bayansa aka tara dattawa, aka ce ruwan da ba ya ba da kifi gara ya ba da shinkafa. Ba wanda ya ci mutuncin Kawu, har godiya aka yi masa. Da damina ta zo bai kafa sanda ba, ya jingine ta a bayan ɗakinsa.

Aka raba filin gefen tafki. A lokacin harkar iyaka ta yi wuya, motoci suna kwana a hanya, maigidana kuma gwiwa ta fara ba shi matsala. Ya sa sunansa, aka ba shi yanki. Na tayar da gidan nan, na ce ko da yunwa za ta kashe mu ba zan ci shinkafar tafkin Kawu ba. Ya bar ni na yi ta yi, sannan ya nuna mini rumbu ya ce in leƙa. Na leƙa. Daga ranar ban sake cewa komai ba, kuma da lokacin dashe ya yi ni na riƙa kai musu abinci gona.

Injina suka kama aiki, tafki ya riƙa ja baya yana barin taɓo. Da babu mai hanawa, samari suka kashe kififiyoyi da yawa da fartanya. Sauran suka fita da ƙafarsu, ana ganin sawunsu a kan taɓo, duk sun nufi gulbi. Bayan wani lokaci na je kasuwa a Dole Kaina, na ga wata a cikin jirgin wani masunci, da jan zanenta, ya ɗaure ta da igiya yana tambayar mutane ko sun san irinta. Na wuce kamar ban ji ba.

Shinkafa ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ba mu taɓa samun irinta ba. Kuma a gidanmu sabon amfani ba a cinsa sai an kai wa manya sun sa albarka, ni kuwa ba ni da babba da ya wuce Kawu. Na yi ta ɗagawa, yau ciwon kai, gobe baƙi, har Inna ta ce in ba zan je ba ita za ta je da sandarta. Na dafa, na yi miya da kifin ƙanƙara da na saya a Bagudo, na ɗauka na tafi. A hanya ina addu'a Allah ya sa ya ture kwanon.

Na same shi a inuwar ɗakinsa, ya rame, homa tana rataye a bango gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya wanke hannu, ya buɗe kwano. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, ya ce ta yi daɗi, Allah ya ƙara albarka. Sannan ya tambaye ni ta wane gefe aka ba maigidana.

Na ce, "Gabas, gindin giginya."

Ya haɗiye lomarsa. Ya ce, "Wurin yana da kyau. Ƙasar nan ta sha taki." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Na kasa daurewa. Na ce, "Kawu, don Allah ka yi mani hwaɗa. Ka ce ni ta. Ko sau ɗaya ka ce bakina na yaj ja muna wanga abu."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce, "Ke kin roƙa, ni na ba da. Mai tabki ɗaya na." Sai ya ɗebi shinkafa a tafin hannunsa, ya dafa bango ya miƙe, ya ce in biyo shi.

A bayan ɗakin, kusa da sandar da ya jingine, akwai wani tsohon baho da ruwa a ciki. Wata babbar kififiya tana kwance a ciki, ta kai faɗin faranti, koren ya dushe, jan zanen ya koma kamar tsohon lalle. Ya ce ran da ruwa ya kusa ƙarewa ya tsince ta a taɓo, samari sun kewaye ta. Yana kyautata zaton cikin huɗun farko take, don akwai ɓalli a gefen ƙoƙonta da ya gani tun ranar da na kawo su. Ya watsa mata shinkafar, ta taso ta wawushe yadda na san su da yi.

Na ce, "Ita ta cinye maka tabki, kai kuma kana ba ta abinci?"

Ya ce, "Amana kinka ba ni gaban mutane. Kashe ta ba ni iyawa. Gulbi kuma ba ni kai ta, kin san abin da za ta yi can." Ya goge hannunsa a riga. "In na riga ta, ki zo ki ɗauki abinki."

Ya riga ta. Bayan an share makoki matarsa ta aiko mini da bahon a kan kura, da ruwan da komai. Yanzu yana gindin randata, daidai inda dasar farko ta zauna. Kashe ta ba zan iya ba, ta ci a hannuna, ta ci a nasa. Ruwa kuwa ba za ta sake shiga ba muddin ina da rai, na kuma gaya wa 'ya'yana haka, na sa sun maimaita. An ce irinsu suna daɗewa a duniya, wataƙila ta binne ni ni ma.

Nakan yi mata faɗa idan ba kowa a gida. In faɗa mata sheƙar balli, in faɗa mata tarwaɗar da Kawu ya ɗauka a hannu biyu, in faɗa mata sandar da ke jingine. Takan miƙo wuya ta dube ni, tana jira in gama in jefa mata abinci. Ruwanta har yanzu yana wari kafin azahar, ni nake canja shi.